Gadon Bayan Mairo

Ni ce na buga takardar da ake mannawa a jikin kwalaben nan, gara in faɗa da bakina kafin wani ya faɗa mini. Shagona na buga takardu yana bakin titi a Wudil, gidana kuma katanga ɗaya ce ta raba mu da gidan Alhaji Ɗayyabu. Matarsa Hajiya Rahmatu ta turo mini rubutun ta waya, na tsara shi da hoton fure, na rubuta “Nurul Fata, haɗin gida, ganye zalla babu sinadari.” Na san ba ganye ba ne. Duk ranar da ake haɗi, warin da yake tsallako katanga har maƙogwaro yake kama ni, kuma ni dai ban taɓa ganin ganyen da yake sa mai tuƙa shi ta ɗaure hanci da ɗankwali ba.

Mai ɗaure hancin kuwa ba Hajiya ba ce. Mairo ce, ƙanwar Alhaji da suke uba ɗaya, wadda ta taho daga Kausani ta zauna a gidan bayan rasuwar mijinta. Mace ce doguwa, baƙa mai fata sumul, ba ta da yawan magana. Ita ke tuƙa haɗin da muciya a cikin babban baho, ita ke ɗurawa a kwalabe, ita ke wanke kayan. Hajiya nata zama a kan kujera da waya a hannu, tana amsa saƙon ’yan matan jami’a da masu gyaran amare, kowa ta ce mata “’yar’uwa.”

Wata Talata a tsakiyar bazara na kai musu takardun da na buga. Bayan azahar ne, irin ranar nan da ko kaza ba ta son tsakar gida. Na yi sallama, muka gaisa da Hajiya, ta tambayi yara da shago da mai gidana, ni ma na tambayi nata. Sai na ji nishi daga ɗakin ajiya.

“Wa ke ciki?” na tambaya.

“Mairo ce, tana ƙunshi,” in ji Hajiya, ko ɗago kai daga waya ba ta yi ba.

Na leƙa. Mairo tana kwance rub da ciki a kan tabarma, an naɗe ta da leda tun daga kafaɗa har idon sawu, an bi an ɗaure da tsummoki, daidai yadda ake ƙunsa ƙafa da lalle. Ta cikin ledar ina hango wani farin abu mai kauri, gumi yana gudu a ƙarƙashinsa. Ɗakin ba taga, ba fanka.

“Sannu Mairo.”

“Yawwa, Malama Bilkisu. Ya yara?”

“Lafiya lau. Ba zafi?”

“Yana ɗan ci,” ta ce. “Anti ta ce cin nan shi ne aikin.”

Hajiya ta taso ta tsaya a bayana, ta yi mini bayani da fara’a, irin ta mai nuna sabon ɗinki. Masu saye sun ƙosa da man da sai ya yi wata biyu, yanzu kowa na kwana bakwai take so. Kuma ba a sayen mai sai an ga hoto, ga yadda fata take da, ga yadda ta koma. “To wa ya fi Mairo dacewa? In ya yi aiki a jikinta, ai zai yi a jikin kowa.” Ta ce da safe ake fara murje ta da dilka har fatar ta buɗe, sannan a shafa, a ƙunsa tun hantsi har la’asar. “Ke ma kin sani, lalle ma in ba ki bar shi ya jima a leda ba ai ba ya kamawa.”

A gefen bahon akwai wata roba mara rubutu, cike da farin gari mai ƙyalli kamar gishiri, da ƙaramin ludayi tsome a ciki. Na tambaya ko da shi ake auna garin. Hajiya ta yi dariya. Ta ce matar da ta koya a wajenta a bidiyo kashi biyu cikin ɗari take sawa, da sikeli. “Wannan ai awon Turawa ne, fatarsu kamar ta jariri. Tamu sai an ƙara hannu. Da murfin kwalbar lemo na fara, na ga wasa nake.”

Na ce Allah ya sa albarka. Abin da na ce ke nan, na ajiye takarduna na fita.

Kwana biyu bayan haka ƙanin Hajiya, Garzali, ya zo shagona. Mutum ne mai yawan turare da yawan sani, kullum yana hanyar Abuja a baki. Ya ce in buga masa wasiƙar neman takardar mallaka, wato takardar gwamnati da za ta nuna haɗin nan na yayarsa ne ita kaɗai, duk wanda ya kwaikwaya sai kotu. Na buga har na zo inda za a jera kayan haɗi, na dakata ina kallonsa.

“Ki bar wurin a buɗe,” ya ce. “Ni zan cike da hannu.”

“Ni ma ba a yarda da ni ba ke nan?”

“Ba ke ba, Malama, kowa ma. Ka’ida ce. In sirrin ya fita daga bakinta kafin takarda ta fito, ko ga mutum ɗaya ne, shi ke nan ya zama na kowa. Gobe za ki gan shi a kowace kasuwa.” Ya sassauta murya. “Sannan akwai wani abu. Asalin asid ɗin da yadda ake haɗa shi, a bayan kwalbar wani kamfanin waje ta gani, su kuma suna da tasu takardar. In sunan abin ya shiga rubutu a wurin da bai kamata ba, su ne za su fara kamo ta. Shi ya sa na ce mata ko Alhaji kada ya ji.”

Ban san ko akwai gaskiya a maganarsa ba, kuma ina jin shi ma bai sani ba. Daga baya na ji cewa wasiƙar nan ba ta taɓa wuce aljihun motarsa ba. Amma Hajiya ta riƙe maganar kamar karatu, kuma a nan ne na fara jin kalmar asid a game da abin da na rubuta wa ganye zalla.

A mako na biyu da fara ƙunshin Mairo ta leƙo gidana aron turmi. Ta yi haske, ba ƙarya, amma wani irin haske mara daɗin kallo, kamar na naman da ya kwana a ruwa. Fatar damtsenta tana saɓulewa, wuyanta ya yi ja. Ina yi mata magana tana karkata kai.

“Me kika ce, Malama?”

“Na ce me ya samu kunnenki?”

“Gyare ne yake ta kuka a ciki,” ta ce. “Tun shekaranjiya, bai yi shiru ba.”

Na lura da numfashinta. Tana tsaye wuri ɗaya, amma tana ja tana saki kamar wadda ta hau gada a guje. Gumi ya jiƙe mata ɗankwali.

“Mairo, ki ce ba kya so mana.”

Ta dube ni, ta dubi turmin. “A gidan wa zan ce ba na so? Yaya ya riƙe ni, ba a taɓa yi mini gori a kan abinci ba. Abin da Anti ta nema a wajena kaɗai ke nan. Kuma ta ce saura zagaye uku a ɗauki hoton ƙarshe.”

Da la’asar na tari Alhaji Ɗayyabu a ƙofar gida, yana kan benci yana jiran abokan hira. Mutum ne mai kirki a waje, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Na durƙusa muka gaisa sosai, sannan na ce ina ganin jikin Mairo ba daidai yake ba, ko za a dakata da shafe-shafen nan.

Ya yi murmushi. “Malama Bilkisu, wannan ai harkarku ce ta mata, ni ina ruwana da kayan shafa? Ita ma Mairon ai gyara ta ake yi. Bazawara ce, in ta yi kyau ba ga shi nan sai ta samu mai ɗauka ba? Wasu biya suke a yi musu, ita kyauta take samu.”

“Alhaji, kunnenta fa.”

“Zafi ne. Bazarar bana kowa ma kunnensa ƙara yake.”

Washegari aka sake ƙunsa ta. Na sani, don ina jin kakarin amanta ta katanga tun kafin azahar, ina kuma jin Hajiya tana cewa ta daure, saura kaɗan a kwance. Da ta ce kanta zai tsage, aka aika kemis aka sayo garin maganin ciwon kai na ƙulli, irin wanda masu dako suke sha, aka riƙa kaɗa mata biyu biyu. Da ta fara magana ita kaɗai, tana kiran mijinta da ya rasu ya zo ya kore mata kudan zuma, Hajiya ta ce ai dama ta faɗa, iska ce, tun da kunne ya fara ta san ba ciwon asibiti ba ne. Aka cika ɗakin da hayaƙi, aka rufe ƙofa.

Ranar Laraba da safe na shiga ba tare da an kira ni ba. Mairo tana zaune a ƙasa ta jingina da bango, bakinta a buɗe, ƙirjinta yana ɗagawa yana sauka. Na kira sunanta sau uku ba ta juyo ba. Na ce wa Hajiya in ba a kai ta asibiti yanzu ba, ni zan tare adaidaita in kai ta, kowa ya gani. Wannan “kowa ya gani” ne ya motsa ta. Ta shiga ta ɗauko doguwar riga mai dogon hannu da safa da hijabi har ƙasa, ta sa wa Mairo da kanta. A cikin adaidaita ta riƙo hannuna.

“Bilkisu, mu maƙwabta ne, a rufa wa juna asiri. Zazzaɓi ne ya kawo mu. Kada ki ɗauko maganar mai, ba shi da alaƙa da wannan.”

Wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa muka je. Likitan, Dakta Muhyiddeen, ya tambayi abin da ke damunta, Hajiya ta jera masa: zazzaɓi, amai, ciwon kai, surutai. Ya tambaya ko ta sha wani abu, ta ce babu. Ya dube ni, na dubi ƙasa. A Wudil, ko ba damina ba, duk wanda aka kawo da haka sauro ake fara zargi. Aka kwantar da ita, aka sa mata ƙarin ruwa, aka fara allurar zazzaɓin cizon sauro. Hajiya ta ce ita za ta yi jinya, ita za ta riƙa goge mata jiki da canza mata kaya, ba sai nas ta wahala ba. Har yaba mata aka yi, aka ce ba kowace matar wa ce za ta yi haka ba.

Kwana biyu na yi da maganar nan a bakina. Ina zuwa da kunu, ina komawa da shi. Ina gaya wa kaina ai likita ya fi ni sani, ai ƙila da gaske sauro ne, ai ba ni da hurumin shiga gidan mutane. Tsoro ne kawai, tsoron a ce Bilkisu ta tona asirin maƙwabciyarta, kuma har yau ina jin kunyar wannan tsoron.

Ranar Juma’a da hantsi Hajiya ta fita amsa waya, wata nas ta shiga ta tarar rigar Mairo ta manne da zanin gado. Ta ɗaga. Ina tsaye a baranda na ga ta fito da sauri ta kira likita. Bayan ɗan lokaci ya fito, fuskarsa ba annuri, ya ce da ni da Hajiya mu same shi a ofis. Alhaji ma ya iso, ya zauna a gefe.

“Me ake shafa mata?” in ji likitan.

“Mai ne kawai,” in ji Hajiya.

“Hajiya, rabin fatar jikinta babu. Tun jiya ba ta yi fitsari ba. Abin da aka shafa ya ratsa ya shiga jini. Wane mai ne?”

Sai a lokacin bakina ya buɗe. Na faɗi ledar, na faɗi dilkar, na faɗi awannin, na faɗi farin garin da ludayin, na faɗi maganin ƙulli. Hajiya ta juyo ta yi mini kallon da ban taɓa gani a fuskarta ba.

Likitan ya dafe goshi. Ya ce farin gari iri-iri ne a wannan harka. Akwai mai taɓa zuciya, akwai mai cin ƙoda, akwai wanda yake ɗan’uwan asfirin, kuma in shi ne, to maganin ƙullin da aka riƙa ba ta ƙari ne a kan gubar. Shi ya fi zargi, zai fara abin da zai iya, amma a nan ba su da na’urar da za ta nuna masa, kuma ba lallai abu ɗaya aka zuba ba. “Suna nake so, da yawan da kike sawa. Ki faɗa mini, in rubuta wa waɗanda za su karɓe ta a Kano, su shirya kafin ku isa.”

“Rubutawa za ka yi?” ta ce.

“A katinta, eh.”

“A’a. Ba zai shiga rubutu ba.”

“To faɗa mini da baki.”

“Likita, sana’ata ce. Shekara uku ina wahala a kanta. Takardata tana hanya. In na faɗa maka, matarka fa? Nas-nas ɗin nan fa? Ko jiya na ga ɗaya tana kallon hannuna.”

Likitan ya juya wajen Alhaji. “Alhaji, ƙanwarka ce.”

Alhaji ya gyara hula. “Wallahi ni ma ban sani ba, ba ta taɓa gaya mini ba. Rahmatu, in babu damuwa ki ɗan taimaka masa mana.” Haka ya faɗa, kamar mai roƙon a ƙara masa miya.

Hajiya ta fita ta kira Garzali a waya. Ina jin ta ta taga tana cewa “to, to, ai na sani.” Ta dawo ta ce za ta je gida ta kawo kwalbar, likita ya duba da kansa. Muka jira kusan awa ɗaya. Ta dawo da kwalba mai takardata a jiki. Likitan ya buɗe, ya sansana, ya lakata ya murza a yatsa.

“Wannan man kaɗanya ne,” ya ce.

“Shi nake shafa mata.”

Likitan ya ajiye kwalbar. Ya rubuta abin da yake zargi, ya ce a tafi da Mairo Kano yanzu yanzu, wataƙila sai an wanke mata jini. Ya ce da an gaya masa gaskiya ranar Laraba, da ranar Laraba ya tura ta.

Juma’a ce, ranar kasuwar Wudil. Motocin shanu sun cushe titi tun kafin gada. Alhaji yana tuƙi, Hajiya tana gaba, ni ina baya da kan Mairo a cinyata, nas tana riƙe da ledar ruwa ta taga. Muka yi ta matsawa taku taku. Masu soyayyen kifi suna kawo faranti har bakin gilashi, su leƙo, su ja da baya. Numfashin nan nata mai ƙarfi da ya yi kwanaki yana ba ni tsoro, sai ya fara raguwa, sai na gane ashe raguwar ce abin tsoron.

Na ce, “Hajiya, don girman Allah. Ga nas nan, ga lambar likitan Kano a takarda. Suna ɗaya ne.”

Ba ta juyo ba. Kafaɗunta suna rawa, kuka take, na tabbata kukan gaske ne. Ta ce, “Ku yi ta salati. In sha Allahu za mu isa.”

Mun haye gada da kaɗan Mairo ta buɗe ido. Ba ni take kallo ba. Ta ce, a hankali, “Anti, la’asar ta yi? A kwance ni.” Daga nan ba ta sake magana ba. Nas ta taɓa wuyanta, ta daɗe, sannan ta sauke ledar ruwan ta ɗora a cinyarta. Alhaji ya nemi wuri ya juya mota.

Kafin mu isa gida labari ya riga mu. Mata sun cika tsakar gida, an shimfiɗa tabarmi, an kawar da bahon da robobin, ban san wa ya kawar ba. Ina jin abin da ake faɗa. Zazzaɓin bana ba ya wasa. Dama tun rasuwar mijinta ba ta da lafiya. Iska ce ta kogi. Alhaji a waje yana karɓar gaisuwa yana cewa sun yi iya ƙoƙarinsu, har Kano suka nufa. Garzali ya zo ya ja yayarsa gefe, na ji yana ce mata kada ta yi magana da kowa cikin ruɗewa, ta bari hankali ya kwanta. Wata mata daga cikin masu gaisuwa ta ce Allah sarki Mairo, ashe har ta yi fari kafin ta tafi. Babu wanda ya ce an kashe ta, domin babu wuƙa, babu sanda, babu wanda ya yi niyya. Mutane ne kawai, kowa ya riƙe abin da yake tsoron rasawa, ita kuma ba ta cikin abubuwan.

Aka ɗauko mahaifiyarta daga Kausani a bayan babur, Inna Hansai, tsohuwa ’yar ƙarama mai hannun noma. Aka ce ta zauna a yi wa ’yarta wanka, ta ce ita ta fara yi mata, ita za ta yi na ƙarshe. Ta dubi matan, ta nuna ni. “Ke, an ce a cinyarki ta cika. Zo ki zuba mini ruwa.”

Muka shiga mu biyu. Inna ba ta yi kuka ba. Ta wanke fuska, ta wanke hannuwa, tana bi a hankali tana kauce wa inda babu fata. Sannan ta ce in taya ta mu juya ta gefe.

A gadon bayan Mairo an zana akwatuna takwas da baƙin lalle, biyu biyu, tun daga kafaɗa har ƙugu, layi a miƙe kamar an sa ma’auni. Da lalle aka yi don kada gumi ko wanka ya goge. Cikin kowane akwati kalarsa daban: wani fari, wani ja, wani ya yi ruwa, na ƙasa biyu sun zurma. A gefen kowanne, a kan siririyar baƙar fatar da aka bari, an rubuta lamba.

Inna ta daɗe tana kallo. Ba ta yi boko ba.

“Wannan ba ƙunshi ba ne,” ta ce. “Rubutu ne?”

“Lamba ce, Inna.”

“Karanta mini.”

Na karanta mata, ɗaya, biyu, uku, har takwas. Tana bin kowanne da ɗan yatsa ba tare da ta taɓa ba. Na gaya mata abin da na gane, na ce kowane akwati da irin ƙarfin haɗin da aka gwada a cikinsa.

“Wanne ne ya kashe ta?”

“Ban sani ba, Inna. Ko likita ba a gaya masa ba.”

Ta ja zani ta rufe ’yarta zuwa wuya. Ta miƙe, ta ɗaga labule, ta tsaya a bakin ƙofa da butar a hannunta. Matan tsakar gida suka juyo. Hajiya tana zaune a tsakiyar mata da carbi.

“Rahmatu,” in ji Inna, ba ta ɗaga murya ba. “Taso ki zuba mata ruwan nan da hannunki. Ke kika san inda ya fi yi mata zafi.”

Hajiya ba ta taso ba. Ta sunkuyar da kai, wata ta dafa ta tana cewa a yi haƙuri, tsufa ne da zafin rashi. Inna ta jira har jiran ya yi wa kowa nauyi, sannan ta saki labule ta miƙo mini butar, muka ƙarasa mu biyu.

An binne Mairo kafin magariba. Har yau babu wanda ya saci haɗin Hajiya.